Na Ce Sama'ila Bai Iya Kuka Ba

Ba zan taɓa mantawa da zuwana suna Bungudu ba, ko na so in manta ma ba hali, don bakin da ya yi ɓarnar har yau da shi nake cin tuwo. Ni mace ce mai baki, wannan kowa ya sani tun ina Kucheri. Amma baki a ƙauye da sauƙi: kin faɗa, an rama, an wuce. Sai da na shigo birni na haɗa shi da ɗan ilimi sannan ya yi aika-aika ta gaske.

Da zama ya gagara a Kucheri saboda mutanen daji, ɗana ya kwaso ni ya kawo Gusau, ya aje ni Sabon Gari a ɗaki mai fanka. Ba gona, ba akuya, ba surfe. Don kada zaman banza ya kashe ni na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, na koyi haɗa baƙi da wasali. (Wanga rubutu ni na yi shi da hannuna, in kun ga ya karkace, hannun ne ya tsufa.) Da ɗana ya ga na fara karatu sai ya saya mini waya mai shafawa, wai in riƙa bita. Bitar da na yi da ita ita ce sunayen finafinai. Akwai mai shago bakin layinmu da ke tura su, ni da kaina nake zuwa, in sa tabarau in karanta in zaɓa.

Ba irin da ban kalla ba. Na Indiya mai fassarar Hausa, inda mutum guda zai doke gari guda rigarsa ba ta ko yamutse ba, ya gama ya hau dutse yana rawa cikin ruwan sama, ko mura. Na 'yan Cana masu tashi sama kamar fara. Na barkwanci, wanda duk abin dariyar shi ne a bi wani mai yagaggiyar hula da sanda. Na ban tsoro kuwa haushi yake ba ni: mace ta ji motsi a ɗaki mai duhu, maimakon ta ari ta kare, sai ta nufi wurin tana cewa wane ne. Wannan ba a taɓa koro ta daga gidansu ba. Na yaƙin Turawa ma na kalla, na ce musu bindiga ba haka take ƙara ba, kuma ba a yi mata kiɗa.

Amma fannina shi ne kuka. Finafinan Hausa sun sa na zama alƙaliyar kuka. Da na ga hawaye zan ce wannan albasa ce, wannan man zafi aka shafa mata, waccan ko ta iya, har jijiyar wuyanta ta tashi. 'Yan ajinmu suka riƙa tambaya ta, "Gwaggo, wanne za mu kalla?" Kai ya kumbura. Na ɗauka ba wanda ya kai ni sanin ciwon zuciya a fuskar mutum.

To, ina da aminiya, Kulu. Tare muka yi tallan fura muna 'yan mata, aure ya kai ta Bungudu, muka daɗe ba mu haɗu ba sai gaisuwa a bakin mutane. Aka aiko mini matar autanta Sama'ila ta haihu, in zo suna. Rabona da Sama'ila tun yana yawo ba wando.

Ga abin da ban sani ba, ku gara ku sani tun yanzu. Kafin haihuwar, mutanen daji sun tare motar Sama'ila a hanyar Tsafe sun shige da shi. Kulu tana da hawan jini, ta taɓa faɗuwa, likita ya ce kada a kuskura a kai mata labari mai nauyi. Sai gidan gaba ɗaya suka haɗa baki, aka ce mata ya yi lodin hatsi zuwa Kudu motar ta lalace a can. Maza na magana da mutanen ta waya a waje, mata na dariyar dole a ciki. Duk wanda ya shigo sai a ja shi gefe a gaya masa. Ni kaɗai ba a gaya wa ba, wai don an san bakina. Kun ji dabara.

Na isa na tarar da suna kamar zaman makoki. Ba kiɗa, ba guɗa, maijego idanu sun kumbura. Ban yi shiru ba, na ce, "Kulu, wanga suna ne ko sadakar uku?" Ta yi dariya ta ce yaran yanzu ne ba su da kuzari, uban jariri ma yana can Kudu yana gadin mota.

Bayan azahar na fito daga alwala, Kulu na zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta da tasbaha. Can gefen madafa na hango ɗiyarta Rabi da wata sun haɗa kai a kan waya, an rage murya. Ni da waya kuwa kamar kaza da tsaba. Na lallaɓa na leƙa ta kafaɗarsu. Daji, wani mutum zaune a ƙasa da ƙasumba, an ɗaure ƙafafunsa, bayansa ƙafafun wani a tsaye da bakin bindiga.

Na kai hannu na fizge. "Kawo in gani, wanne ne wanga? Ban taɓa kallonsa ba."

Rabi ta yi wuf ta riƙo hannuna. "Gwaggo, don Allah ba ni."

"Ke, rowa har a kallo?"

Kulu ta ɗago kai daga can. "Mi kuke wa gardama?"

Rabi ta saki hannuna. Uwarta na kallonta. Sai ta ce, "Ba komai, Inna. Fim ne."

Shi ke nan, ta ba ni lasisi. Na gyara tabarau, na ƙara murya har ƙarshe, na tsaya tsakar gida kamar malamar aji.

Na fara da cewa ko suna ba su rubuta a farko ba, aikin ƙananan 'yan fim ne. Na ce mai ɗaukar hoton hannunsa na rawa kamar mai zazzaɓi. Na ce ba kiɗan tausayi, ta ina mutum zai san lokacin da zai ji tausayi? Mutumin cikin waya yana cewa, "Don Allah ku taimaka, ku yi abin da suka ce," a hankali, idonsa a bushe, yana kallon wuri guda. Nan na samu abin da nake nema.

"Ku duba min wanga ƙato! An ɗaure ka a daji, bindiga na ƙeyarka, ka zauna kana magana kamar mai ba da sallahu ranar kasuwa? Ina hawaye? Ina majina? Wallahi bai iya kuka ba. In ni ce mai fim ɗin, ko ruwa ba zan ba shi ba."

Tsakar gidan ta yi tsit. Ni a zatona sauraro ake yi. (Wawa in ya samu shiru, ɗauka yake girmamawa ce.) Rabi ta sake kawo hannu, na kauce mata, na taka har gaban tabarma na durƙusa na kai wa Kulu wayar dab da fuskarta.

"Kulu, ke da kika san duniya, duba min. Wannan ya yi miki kama da wanda ke cikin wahala?"

Ta karɓa. Ta nisanta da ita, ta matso da ita. Tasbahar ta zame ta faɗi kan tabarma. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wagga riga ni na ba shi yadinta da sallah."

Ban gane ba. Wallahi ban gane ba, har na buɗe baki zan ce ai irin yadin ya cika kasuwa.

Ta ce, "Sama'ila na."

Ban san yadda zan rubuta muku abin da ya faru da jikina ba, karatuna bai kai can ba. Na dai ji kamar an zuba mini ruwan randa daga ƙeya har dugadugai. Daga ɗakin maijego aka fasa ihu. Kulu ko ba ta yi ihu ba. Ta ce wa Rabi, "Maido min shi daga farko." Rabi na kuka ta maido. Ta kalla har ƙarshe. Ta ce, "Ya rame." Sannan ta juyo ta dube ni, ba faɗa, ba zagi, da ma ta zage ni.

"Tun yana yaro ba ya kuka gaban mutane. Ko ranar kaciyarsa bai yi ba."

Ta ce a ba ta buta. Ta dafa bango ta miƙe, ta yi taku kaɗan, ta zube.

Mota guda ce a ƙofar gidan, ita aka sa ta zuwa asibiti Gusau, ni ma aka cusa ni baya don ba wanda ke son a bar ni a gidan. Rabi ta shiga gaba. Da muka shigo gari Rabi ta ce da direba ya tsaya, ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Gwaggo, nan za ki sauka." Ba unguwarmu ba ce. Na sauka. Da ƙafa na ƙarasa, ɗan kwanon naman suna da wata ta tura mini tun da hantsi yana hannuna, na rasa inda zan yar da shi.

Kulu ta rayu, amma ɓarin jikinta na hagu ya tafi, bakin ya karkace, magana sai an kasa kunne. Ina zuwa gaishe ta. Ba ta taɓa kora ta ba, takan ma riƙe hannuna da hannunta mai lafiya. Rabi ce dai har yau rabin sallamata take amsawa, kuma ban ga laifinta ba.

Sama'ila ya fito bayan kaka, sai da gonar gidan ta tafi wajen biyan kuɗin fansa. Wata rana da hantsi ina zaune aka yi sallama, sai ga dogon mutum yana ɗingishi, ya zo ganin likita saboda ƙafafunsa ya biyo. Na gane shi nan take, wannan karon. Da ƙarƙashin gado zai ɗauke ni da na shige. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar ba komai, na kawo ruwa, na fara haɗa kalmomin ban haƙuri suna watsewa.

Ya sha ruwan ya aje kofi. "Gwaggo, an ce ba ki yaba da wasana ba."

Na ce, "Sama'ila, ka yi wa Allah ka yafe mini. Tsufa ne da wauta."

Ya yi ɗan murmushi, iyakarsa leɓe. "Ba komai, Gwaggo, ai ba ke kaɗai ba ce. Wanda ya riƙe wayar ma haka ya ce. Ya ce ban iya kuka ba, mutanen gida ba za su ji tausayi ba. Ya yi ta sa ni ina sakewa, in na gama a doke ni, in sake. Wanda kika gani shi ne mai dama-dama a ciki."

Ya miƙe ya ce zai koma kada Inna ta ga ya daɗe. Na raka shi ƙofa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na daina kallo ba. Jiya ma na kalli wani na Indiya, jarumin ya mutu ya dawo, ban ce komai ba. Alƙalancin kuka ne na ajiye, tunda na gano da wa muka yi tarayya a sana'ar. Yanzu in na ga an haɗa kai a kan waya, nakan ja bakina in wuce. In ko ya ci ƙarfina sai na tambaya, ba na cewa wane fim ne. Cewa nake, ɗan wa ne? Don a ƙasar nan tamu yanzu, wanda ke cikin waya yana da uwa, kuma ba mamaki tana zaune nan kan tabarma kusa da ke.