Alƙalin da Ya Kayar da Farfesa Varga

Duk garin Winnipeg babu mai ilimi kamar Farfesa Leopold Varga, kuma shi da bakinsa ya tabbatar mana da haka. Fanninsa shi ne wahalar da cuta ke barin mutum da ita bayan ƙwayarta ta tafi: kasala, mantuwa, hancin da ya daina jin ƙanshi. Mu abokan aikinsa muna kiransa Uban Gajiya, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Mutum ne mai tsari. Kafin ya kurɓi kofi da safe sai ya duba kwamfuta ya ga ko wani masani a duniya ya ambaci sunansa cikin rubutu. In an ambata, ranar har mai gadi zai samu gaisuwa. Don ya sauƙaƙa wa duniya aiki, shi ma yakan ambaci kansa a kowane shafi.

Tausayinsa ga marasa lafiya kuwa ba a magana. Matarsa Gwendolyn ta daina jin ƙanshi tun da annoba ta kwantar da ita, amma duk shekara turare yake saya mata, mai tsada. Takan yi godiya ta ba ƙanwarta.

Bana burinsa ɗaya ne: jawabin buɗe babban taron masana a Toronto, wanda ake ba mai binciken da ya fi na kowa. Ya leƙa ofishin Dakta Noreen Achterberg, wadda suke aiki tare, ya ce, "Noreen, tura musu aikinmu na bana. Sunana a gaba, kamar kullum." Bai tsaya ganin takardar ba, ya wuce wajen tela aka gwada masa sabon kwat.

To, masanan nan suna da al'ada. Kafin a kai takarda gaban alƙalai sai a goge sunan mai ita, a cire duk inda ya ambaci kansa, don kada a yi son kai. Alƙalin da ya gane cewa aikin nasa ne kuma sai ya janye hannu. Farfesa yana cikin alƙalan bana, ai ba a yin irin wannan zama babu shi.

Wata takarda ta faɗo masa, kan masu fama da kasala bayan jinya. Ya yi abin da ya saba, ya tsallake bayanin duka ya tafi ƙarshe, inda ake jera masanan da aka dogara da su. Ya bi da yatsa har ƙasa, ya sake hawowa. Babu Varga. Ransa ya ɓaci sosai, har kofinsa ya huce a gabansa.

A ɗakin shan shayi ya yi wa jama'a bayani, da guntun cincin a hannu. "Akwai masu shiga gidan mutum ba sallama. Ni na share fagen nan, ni na kafa shi. Yau na koya wa wani ladabi, kuma zai gode mini nan gaba."

Sakamako ya fito ana tsakiyar zubar ƙanƙara. Wata likita daga Halifax aka ba jawabin. Ina zaune a ofishin Noreen sai Farfesa ya faɗo, ko hular sanyi bai cire ba.

"Hassada ce. Wane jahili ne ya duba mana aiki?"

"Alƙalai biyu sun yaba, Leo," in ji Noreen. "Na ukun ne ya kashe mu. Zauna ka ji." Ta karanto masa a hankali: "Wannan aiki na ɗan koyo ne. A bayyane yake cewa marubucin bai taɓa karanta Varga ba."

Nan take Farfesa ya gane rubutunsa ne. Ya san jimlar nan sarai, don har ya karanta wa Gwendolyn ita a wajen cin abinci saboda daɗin da ta yi masa. Ya zauna, ya cire hular, ya shiga murza ta. Gaskiya ya ba ni tausayi.

Can ya ce, da ƙaramar murya, "Ba za mu ɗaukaka ƙara ba?"

Noreen ta tura masa takardar, tana danne dariya. "Maganar ɗan koyo zan iya musawa. Amma cewa mai sunan gaba bai karanta aikin Varga ba, Leo, wannan alƙalin ya san abin da yake faɗa."