Bunsuru Uku a Cikin Ordinatar

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis a Gure, ko da kuwa na so. A tsakiyar shekarun casa'in ne, bayan an turo ni daga Maraɗi in koyar da lissafi a kwalej. Ɗan birni ne ni, ɗan mai shagon atamfa. Iyakar sanina da akuya a cikin miya ne.

A garin akwai wani furoje, wato shirin raya ƙasa, mai yaƙi da yashin da ke cinye gonaki, kuma a bironsu, ofis ke nan, na fara ganin ordinatar, wato kwamfuta, da idona. Sakatariyarsu Fanna ce ke buga takardu da ita. Na roƙi daraktan furojen ya bar ni in riƙa taɓawa bayan la'asar, ya yarda. (Na ce masa ilimi nake nema. Rabin gaskiya ke nan. Ɗaya rabin yana zaune a teburin da ke kusa da taga.)

Da wani tsohon littafin Faransanci na koyi bai wa na'urar umarni layi-layi. Sai wani buri ya kama ni: in ƙera wasa. Ba na harbi ba, ba na tseren mota ba, wasan makiyayi da garkensa. Kai ne mai garke, kana kora shi daga rijiya zuwa rijiya, ka ga ko za ku kai damina da rai.

Wata huɗu ba na duniyar nan. Ina gaban tabulo, allon aji, da alli a hannu, hankalina yana can cikin tuddai. Wani lokaci in hau tudun yashin bayan gari in zauna, in ga dabbobi suna gangarawa kwari inda dabino ya yi kore shar, ni kuwa lambobi nake gani suna tafiya a jere. Kowace dabba na ba ta lamba uku: ƙishirwa, yunwa, ƙarfi. Taku ɗaya cikin yashi, ƙishirwa ta ƙaru. Garke ya daɗe a bakin rijiya guda, ciyawa ta ƙare, yashi ya matso. A gilashin na'urar babu hoto, haruffa ne kawai: A akuya, B bunsuru, R rijiya, ɗigo-ɗigo yashi. Amma wallahi in na zuba musu ido, har kukan 'yan awaki nake ji.

Wahalar tana wurin daidaitawa. Gwajin farko, garken ya mutu kaf kafin ya bar ƙofar gida. Na sassauta, sai suka ƙi mutuwa sam, ko wata guda suka yi ba ruwa. Sai da na cika kaye biyu, littattafan rubutu, da lissafi kafin na samo tsakiya. Na ƙara wa bunsuru ƙarfi fiye da akuya, don a ganina haka ya dace da namiji. Sannan na rubuta dokar da na fi alfahari da ita: damina ta sauka, duk dabbar da ke da ƙarfi ta haifi irinta.

Darakta ya gani ya ce wannan ai makaranta ce. Akwai taron makiyaya daga Kelle da Alakos, yana so a nuna musu illar tara dabbobi a rijiya ɗaya. In sun karɓa, zai aika da disket Damagaram, wataƙila har Yamai. Da ya fita, Fanna ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Mushe, babana yana cikinsu fa." (Mushe, haka ake kiran malamin boko da Faransanci.) Baba Kiyari ke nan, mutumin da nake shirin tura wa magabatana.

Ranar da hantsi na shigo cikin sabuwar shadda. Dattawa sun cika biro, rawani na gogar rawani. Na gyara murya na ce, "Iyayena, duk abin da ke faruwa a daji, wannan na'ura ta san shi." (Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kunnena ya yi zafi.)

Aka zaɓi Baba Kiyari ya gwada. Ya zauna, ya ɗora sandarsa a cinya, yana ba da umarni, Fanna tana dannawa.

"Kora su gabas, 'yata. Kada ki tsaya a rijiyar nan, an cinye gefenta."

Tsohon da bai taɓa ganin ordinatar ba ya fi ni iya wasana. Ina kallon dattawan nan suna bin haruffa da ido kamar dabbobinsu ne na gaske, sai na ji kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Sai fari ya shigo. A suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har gilashi ya rage B uku rak. Baba Kiyari ya girgiza kai.

"Shi ke nan, garke ya ƙare. Allah ya mayar da alheri."

Yana yunƙurin tashi, Fanna ta danna. Na'ura ta yi ƙara, ta rubuta da manyan baƙaƙe, Fanna ta karanta: "Damina ta sauka. Barka da arziki, an haifi uku."

B suka zama shida.

Baba Kiyari ya koma ya zauna a hankali. "Mushe, su wa suka haihu?"

Da na yi shiru, da sauƙi. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Baba, wataƙila akwai wata akuya a bayan tudu ba mu gan ta ba."

"To. Ci gaba, 'yata, mu ga wata daminar."

Sha biyu. Ashirin da huɗu. Gilashi ya cika da bunsuru, kowa ɗan bunsuru jikan bunsuru. Wani dattijo daga Alakos ya ɗaga hannu da ladabi ya ce, "Mushe, a Maraɗin ake samun irin wannan? Don Allah a taimaka mini da guda."

Dariyar da aka yi, ina jin har a tasha an ji ta. Fanna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Darakta ya koma bakin taga yana nazarin wata bishiya. Ni kuwa ina addu'ar kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, ya ƙi.

Gyaran bai kai layi ɗaya ba, amma disket bai je ko'ina ba. Bayan kwana uku Baba Kiyari ya aiko kirana Kelle. Na tafi ina jiran sallama. Sai ya zaunar da ni a cikin garkensa wuni guda, yana nuna mini wace ce ke da ciki, wace ce ke fara faɗuwa in fari ya zo. Da zan tafi ya ce, "Zancen rijiyarka gaskiya ne. Sauran kuma ka koya."

Ya ba ni Fanna. Mutanen Gure kuma suka ba ni suna, ungozomar bunsuru, har na bar garin ban rabu da shi ba.

Abin da na koya ke nan: na'ura ba ta ƙarya, abin da ka sani take maimaitawa a gaban jama'a, har da wanda ba ka sani ba. Kafin ka kafa wa garke doka, fara durƙusawa ka leƙa ƙarƙashinsa.