Rasuwar 'Yar Ƙwaƙwalwa, Mai Gadin Ƙwan Surukata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin roba, ni mai gyaran rediyo nake sanar da rasuwar 'Yar Ƙwaƙwalwa, ƙaramar na'urar nan da ba ta kai akwatin ashana ba, wadda ta shekara uku tana kula da injin ƙyanƙyasar ƙwan surukata. Ta cika jiya da hantsi a kan teburin shagona.

Marigayiya ba ta jin maganar mutane. Sai na rubuta umarni a kwamfuta, manhaja ta niƙe shi ya koma sifili da ɗaya, sannan a ɗura mata ta waya. Fitilarta ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta ce "tit!", shi ke nan ta haddace. In na manta waƙafi guda, manhajar ta watso mini jan rubutu, ta ƙi niƙa. Amma ita baiwar Allah ba ta taɓa musu ba. Zafi ya hau, ta kashe hita. Awa huɗu ta cika, ta juya ƙwai.

Ciwon ajalinta gajere ne. Na ɗauko ta in kaɗe mata ƙura, na ce bari in gwada ta. Caja biyu ne a teburin, duk baƙaƙe, ɗaya wutarta ta ninka ta ɗayar. Ba sai na faɗi wadda na jona ba. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "fus".

Abin da ya fi ci mini rai, bara na goge rubutun daga kwamfutar don hotunan yara su samu wuri. Matata ta ce, "Maigida, ka ajiye mana, ba ka san gobe ba." Na ce, "Me zan yi da shi? Ai ta haddace." To ga shi ta tafi da haddarta. Sabuwar na'ura ba wuya, amma abin ɗura mata fa? Layi biyu kacal nake tunawa.

Ta bar ƙwai tamanin da saura kwana goma su ƙyanƙyashe, da suruki guda da ya kasa ɗaga kai. Inna, surukar tawa, ba ta yi faɗa ba. "Sannu, injiniya" kawai ta ce. Wallahi gara mari.

Za a binne ta da yamma a aljihun tebur na ƙasa, kusa da tsofaffin batura. Zaman makoki na kwana goma ne, a ɗakin kajin Inna. Masu ta'aziyya su wanko hannu, duk wanda ya zo zai juya ƙwai, ya duba ma'aunin zafi. Ni ba ni da izinin tashi. Inna ta ce ranar ta goma in ba ta ji kukan 'yan tsaki ba, za a buga wata sanarwar, wannan karon da hotona.