Sa Hannun Yaya Deok-man

Ana ta yaɗawa a kasuwar kifi ta Gunsan wai Yaya Deok-man, ɗan baffana, ya buga ƙwallon golf ta tsallake teku ta fasa butar shayi a ƙasar Sin. Ƙarya ce, ina wurin. Ƙwallon ba ta wuce wurin ajiye motoci ba, kuma gilashin motar Baffa ta fasa.

Amma fa gwani ne. Shekara shida yana ƙaramar gasar ƙwararru, wadda 'yan kallonta su ne iyayen 'yan wasa da hankaki. Wanda ya ƙare kakar wasa cikin goman farko sai ya haura babbar gasa, ta talabijin. Baffa ya rantse in bana bai haura ba, gida zai dawo shanyar kifi.

Yaya kuwa, Sarkin Ciyawa, ko a jikinsa. Wasu na gyaran bugu, shi yana gyaran sa hannu. Yakan ce min, "Chun-bae, ranar da duniya ta taso neman sa hannuna, ba zan ba ta jagwalgwalo ba." Wata bakwai muna yawon gasa, ni da jakar sanduna, shi da alƙalami. Sa hannun ya yi jela, ya yi fukafukai, har takarda ɗaya ba ta ɗaukarsa.

Ranar ƙarshe abin al'ajabi ya faru: ya yi wasa. Kowace ƙwallo sai rami, kamar ta baro 'ya'ya a ciki. Ya ɗare na tara. Saura kawai ya shiga rumfar alƙalai ya sa hannu a katin bugunsa, don duk wanda ya fita bai sa ba, an kore shi ke nan.

Yana ciki sai ya hango wata tsohuwa a waje tana ɗaga hula. Ya wurga wa alƙalai kati, ya yi tsalle waje. Ya sa wa hula hannu, ya sa wa lema, ya sa wa kwanon abincin mai gadi. Ashe tsohuwar tsintar hular ta yi, mai ita take nema. Katin kuwa fes, ko ɗigo babu.

Jiya na same shi yana jera kifi a rana. Na ɗaga wani na ce, "Yaya, taimaka ka sa wa wannan hannu. Tun daga teku yake bin wasanka."

Bai ko ɗago ba. "Ni gasar ƙwararru ce ta kore ni, har jarida ta buga. Kai aji uku ne ya kore ka, ko Kaka ba ta ji ba. Miƙo kwandon."