Olindo Walƙiya da Taya ta Biyar

Ku 'ya'yan yanzu ba ku da kunya, ba ku da tsoron mutuwa. Jiya ma wani mai gashi kamar tsintsiya ya wuce ƙofar gidana a kan babur, ya ɗaga tayar gaba sama, ya tarwatsa mini kaji, ko "sannu Kaka" bai ce ba. Kuna zaton ku kuka fara hauka a Pietrabassa? Ku zauna ku ji. Naku haukan na aro ne. Mai na asalin yana kwance a maƙabartar bayan coci, ni nake kai masa furanni.

Sunansa Olindo Zavatta, amma ya raɗa wa kansa Walƙiya, tunda ba wanda ya yi niyyar raɗa masa.

"Duk faɗin Italiya," haka yake cewa a shagon wanzami, yana murza gashin baki, "ba a haifi wanda zai sha gabana ba. Wanda yake son ganin fuskata a tsere, ya gan ta kafin a tashi. Bayan nan sai ƙeya."

A gaskiya ya yi shekara shida yana tseren babur, ya kuma ci sau biyu. Na farko mutum uku ne suka fito, ruwa ya sauko, biyu suka faɗa rami. Na biyu kuwa alƙalin tseren ƙanen babansa ne, kuma idonsa ɗaya ba ya aiki. Amma duk sau biyun mun ɗauke shi a kafaɗa da ganguna. Mu mutanen Pietrabassa haka muke. Ko jakinmu ne ya riga jakin maƙwabtanmu na garin Montecavo kuka da safe, sai mun buga ƙararrawar coci.

Da ya gama karya ƙafa biyu da haƙarƙari huɗu, sai ya ce babur wasan yara ne. Ya sayo wata 'yar jar mota mai tari kamar tsohon da ya shekara hamsin yana shan taba, ya ce da ita zai shiga tseren da ake yi kowace shekara bayan tsinkar inabi. Daga dandalin coci ake tashi, a ratsa Montecavo, a hau Dutsen Akuya, a gangaro a dawo dandali.

A lokacin yana neman auren Ersilia, 'yar mai yin cuku. Kada ku yi ta waige-waige, ni ce. Aji biyu na yi a makaranta, amma na san ba a girka wa gawa abinci.

"Olindo," na ce masa a gaban jama'a bayan an fito coci, "ko ni, ko tsere."

"Haba Ersilia, a ce wa walƙiya ta zauna a gida?"

"A ce mata ta nemi aikin yi."

Mutane suka yi dariya, shi kuma dariyar mutane ce ba ya iya haɗiyewa. Ya kama hannun limamin cocinmu, Don Anselmo, ya ce, "Uba, ka shaida. In na shigo dandalin nan na ɗaya ranar Lahadi, za ta aure ni da tserena. In wani ya riga ni, na bar tsere har abada, motar ma ta koma dakon cukun babanta."

"Na shaida," in ji Don Anselmo, "amma sakar mini hannu, zan ci abinci da shi."

Abokin karawarsa Quinto ne, mai gidan burodi a Montecavo, mutumin da ba ya magana sai an tambaye shi farashi. Olindo ya zauna ya yi tunani, abin da bai saba yi ba, ya gano cewa nauyi ne maƙiyin gudu. Ya kira kawunsa Adelmo maƙeri, wanda zai zauna a gefensa a matsayin makaniki, suka hau kan motar. Ƙofofi suka fita. Kujerar baya ta fita. Madubi ya fita.

"Hon fa?" in ji Adelmo.

"Cire shi, Kawu. Wa zai kasance a gabana da zan danna wa?"

Da suka zo kan tayar safaya, wadda ke ɗaure a baya cikin jakar buhu, Adelmo ya zauna a kanta.

"Wannan kam sai dai ka cire mu tare."

"Taya ba ta fashe wa gwani."

"Gwanin bai zo ba tukuna. Kafin ya zo, a bar ta."

Aka bar ta. Amma Olindo bai gamsu ba. Ya dubi cikinsa, ya yanke shawarar da ta girgiza garin gaba ɗaya: ya daina cin abinci sai bayan tsere. Kwana uku! Ranar Alhamis uwarsa, Mamma Desolina, ta murza taliya da hannunta, ta zuba miyar nama, ta ajiye masa. Ya ture kwanon.

"Ɗan nan, ciwo kake yi?"

"Nauyi nake ragewa, Mamma."

"Nauyin da na yi shekara talatin ina tarawa?"

Ta fita tsakar gida tana kuka. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna yi mata jaje kamar an yi rasuwa. Wata ta ce asiri ne daga Montecavo. Don Anselmo da kansa ya zo ya ce masa ko lokacin azumi coci bai taɓa neman irin wannan zaluncin ba, sa'an nan ya cinye kwanon don kada a yi asara.

Ranar Lahadi da safe aka jera motoci tara a dandali. Direbobi duk suka shiga coci a sa musu albarka. Mamma Desolina ta ja ni gefe, idonta jajur.

"'Yata, zai mutu a hanya da yunwa. Ba kujera, ba ƙofa, ina zan sa masa guzuri?"

Ta zagaya motar, ta tsaya a kan jakar buhun nan, ta leƙa.

"Ersilia, ƙafar mota nawa ce?"

"Huɗu, Mamma."

"To wannan ta biyar ɗin uban me take yi a nan?"

Muka ciro tayar, muka jingina ta da bangon coci. Muka gangaro da cukun babana guda cur, irin wanda ya shekara biyu a rumbu, mai tauri kamar dutsen niƙa, mai nauyin ɗan maraƙi. Ya shiga jakar kamar don shi aka ɗinka ta. Har yau ana tambayata ko na san amfanin taya ta biyar a lokacin. Ni ba na ƙarya, shi ya sa ba na amsawa.

Magajin gari ya kaɗa tuta. Motoci takwas suka tashi. Ta tara, ta Olindo, ta yi nishi, ta durƙusa ta baya kamar akuya za ta haihu, sa'an nan ta bi su.

"Kawu, ka ci abinci da yawa!" Olindo ya yi ihu.

"Gahawa kawai na sha!"

Amma a ba shi haƙƙinsa, mahaukaci ne na gaske. A gangaren kogi nauyin nan ya tura su, suka wuce mota biyar kamar an jefa su. Sai ga kwanar farko mai kaifi. Jikin Olindo ya manta cewa mota yake tuƙawa. Ya kwanta gefe guda irin na masu babur, ya zura ƙafa waje, tunda ba ƙofar da za ta hana shi. Takalmin hagu ya yi sama, ya sauka a gonar wani.

"Mota ce, jaki! Tana da ƙafafunta!"

"Nauyi ya ƙara raguwa!" in ji Olindo.

A bakin Montecavo suka tarar da garken tumaki ya cika hanya. Olindo ya daki tsakiyar sitiyari, bai ji komai ba.

"Ina hon?"

"Yana gida tare da ƙofofi."

Haka Adelmo, dattijo mai jikoki, ya miƙe tsaye a cikin mota yana haushi kamar kare, mutanen Montecavo suna tafa masa. Tumaki suka watse. Har ya mutu in ya je garin kasuwa, yara da manya haushi suke yi masa.

Kafin su fara hawan Dutsen Akuya sun wuce wasu biyu, saura Quinto kaɗai a gabansu. A nan ne zafin salansa ya fara gasa gindin jakar buhu. Wani ƙanshi ya taso ya lulluɓe motar. Mutumin da ya yi kwana uku bai ci ba! Hancinsa ya buɗe, idonsa ya kawo ruwa.

"Kawu, kana jin abin da nake ji?"

"Ina jin injin yana kuka."

"Ƙanshin ɗakin girkin Mamma nake ji. Na mutu ne? Kawu, in na mutu ka gaya mini."

"Duba hanya!"

Ko yunwa ce, ko tsoron lahira, ya taka totur har ƙasa, ya wuce Quinto a daidai ƙwanƙolin dutse. Daga nan ana hango dandali a ƙasa, mu ma muna hango shi. Muka ga jar mota a gaba. Aka fara buga ƙararrawa. Ni kuma na ce shi ke nan, na auri makoki.

Olindo ya saki sitiyari ya ɗaga mana hannu biyu. Motar ta ci karo da dutsen gefen hanya. Fau! Tayar baya ta tafi.

"Ka ga amfanin kawu?" in ji Adelmo, ya yi tsalle ya sa jak. "Minti biyu! Kawo safaya!"

Olindo ya kwance jaka, ya rungumo abin da ke ciki, ya kusa karya baya. Ya tsaya yana kallonsa. Adelmo ya miƙo hannu bai waiwayo ba, ya shafa, ya shinshina yatsunsa.

"Olindo, wannan ba ta da ramin ƙusa."

Sai ga Quinto ya zo wucewa. Ya rage gudu, ya ɗaga hula, ya yi maganar da ta fi kowace tsawo a rayuwarsa: "In kuna buƙatar burodi, ku aiko."

Olindo ya yi wata ƙara, ya tattara sauran ƙarfinsa, ya hankaɗa cukun. To, hanyar mota kwana-kwana take saukowa, har goma sha ɗaya. Tsohuwar hanyar jakai kuwa miƙe take sambal daga ƙwanƙoli zuwa ƙofar coci. Ita cukun ya bi.

Muna dandali muka ga wani abu rawaya yana gangarowa, yana tsalle, ƙura na binsa. Masu busa suka zubar da ƙahoni. Ya shigo, ya tsinke zaren da aka gitta a ƙarshen tsere, ya kwashe ƙafar kujerar magajin gari, ya je ya daki bangon coci, ya kwanta a gefen tayar da muka jingina. Ko tsagewa bai yi ba. Cukun babana ke nan.

Bayan minti ɗaya Quinto ya iso. Bayan awa ɗaya Olindo ya iso a ƙafa, takalmi ɗaya, yana ɗingishi. Kuna zaton ya sunkuyar da kai?

"Na ci!" in ji shi. "Daga motata ya fito, da hannuna na tuƙo shi!"

"Ɗana," in ji Don Anselmo, "cewa ka yi in ka shigo na ɗaya. Ga wanda ya shigo na ɗaya nan, kuma bai nemi auren kowa ba."

Aka ba Quinto kofi. Kambun ganye kuwa magajin gari ya ɗora wa cukun, aka ɗauki hoto. Yana nan a shagon wanzami har yau. Mamma Desolina ba ta ko kalli hoton ba, abu ɗaya ta riƙe: "Ko gutsira bai yi ba! Duk wahalar da muka sha!"

Ni da na ci, me na samu? Olindo na samu, shekara arba'in da ɗaya. Shi kuma ya biya abin da ya rantse a kai har ƙarshe. Aka mayar wa motar ƙofofinta, kowace Alhamis yana dakon cuku zuwa kasuwa, ina gefensa, hannuna a kan birkin hannu. Bai sake wuce ko keken jaki ba sai da izinina. Kuma duk ranar da muka kai ƙwanƙolin Dutsen Akuya, sai an samu wani a bakin hanya ya cire hula ya ce, "Walƙiya, masu saye suna sauri. Don Allah sauke cukun ya yi gaba, kai ka taho a hankali."