Takalmin Surukina a Ƙofar Cocin Dutse

Ba zan taɓa mantawa da ranar Talatar nan ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran ranakun mako. Ita ce ranar da na tsaya a tsakiyar birnin Guangzhou ƙafa ba takalmi, ni da furfurata, surukina a gefena shi ma ba takalmi, kuma duk aikina ne.

Dole in fara da Italiya, don can ne tushen abin. Ina saurayi na yi wa wani attajirin fata aiki a Kano, ya taɓa tafiya da ni can in riƙe masa jaka. Kwana huɗu muka yi a wani ƙaramin gari na majema, uku daga ciki a sito muna juya fatu muna shaƙar wari. Ran na huɗu maigida ya shiga ganawa, ya ce in zaga gari in dawo kafin la'asar. Na taka da ƙafa, na ga coci-coci masu tsayi da gidajen sarakunansu na da, na zauna a matakalar wani na ci burodi. Ban shiga ko ɗaya ba. Tsoro nake ji kar a tambaye ni wani abu (karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, shi ma malamin aji uku ne ya gaji da ni ya tura ni gaba). Amma da na dawo gida sai yinin nan guda ya fara haihuwa. Ya zama mako, da na yi aure ya zama wata uku, yanzu akwai jikokina da za su rantse na zauna a Italiya har na manta ɗanɗanon tuwo.

To, surukin nawa Alhaji Lawali ne, mutumin Maradi, ɗana yana auren 'yarsa. Dattijo ne mai ƙarancin magana, irin wanda in ka yi ƙarya a gabansa ba ya musu, sai dai ya ce “to” ya kalli ƙasa. Mun haɗu a Guangzhou sarin kaya, ni jakunkuna, shi takalma. Ya zo da samfur guda ɗaya tak, wani takalmin fata da wani tsohon baduku ya ɗinka masa a Maradi. Duk wanda ya gani a ƙafarsa sai ya tambayi inda ake sayarwa, badukun kuwa ido ya ƙi, ya ajiye basilla. Saboda takalmin nan Alhaji ya hau jirgi, yana so masana'anta ta yi masa irinsa. Kuma ba ya barinsa a masauki, tun da aka taɓa leƙa masa wani samfur aka riga shi kai shi kasuwa. A ƙafarsa yake yawo da shi. Cewa yake abin da ke ƙafar mutum ba ya ɓata.

Ran Litinin wakilinmu da ke benen Tianxiu ya ce lawban, wato mai masana'antar, ba zai samu ganinmu ba sai Laraba da safe. Talata ta zama tamu. Mai hankali sai ya kwanta ya huta. Ni kuwa na gyara hula na ce, “Alhaji, akwai unguwar Turawan da a garin nan, bakin kogi. Zo in nuna maka Italiya ba biza.”

Ya ce, “To.”

Mun fara da tsibirin Shamian, inda gine-ginen Turawa suke jere a ƙarƙashin manyan bishiyoyi. Nan bakina ya buɗe. Duk ginin da na ga ginshiƙai a gabansa sai in ce fada ce. Wannan ta sarki, waccan ta waziri, wancan ɗan ƙaramin kuma gidan uwar sarki. Akwai wata fadar da na tsaya ina bayanin inda dogarai suke tsayawa, sai ga wata yarinya ta fito daga ciki da kofin shayi da ɗan biredi a leda. Na ce ai haka suke yi, in sarki ya mutu sai su mai da gidan wurin shan shayi don a riƙa tunawa da shi. Alhaji ya ce “to,” ya kalli ƙasa.

Daga nan na ce sai babban coci na dutse, kuma da ƙafa za mu, don a Italiya mai hawa mota ba ya ganin komai. Muka bi ta layin masu busasshen kifi da masu kayan wasan yara, zafi kamar an rufe mu a tukunyar dambu. Da muka ɓullo gaban cocin, gaskiya ni kaina na ɗaga kai har hulata ta kusa faɗuwa. Hasumiya biyu sun tsaga sama, dutse a kan dutse, ba ka ganin inda aka haɗa su. Alhaji ya tsaya a ƙofa yana jinjinawa.

Ya ce min, “Alhaji, wurin ibadar mutane ne. Ana barin baƙo shi shiga?”

Na ce ana bari in ba lokacin ibadarsu ba ne, gini kawai za mu kalla. Wannan kam gaskiya ce, ga mutane nan suna shiga. Sai na ƙara da abin da ya kashe ni. Tunda aka haife ni ban taɓa shiga masallaci ko zauren wani babba da takalmi ba, ƙafata ma ba za ta yarda ba. Na tuɓe nawa na ajiye gefen matakala, na ce, “Sai ka cire, Alhaji. Ƙa'ida ce. A Italiya ko gwamna ne sai ya tuɓe.”

Ya dubi takalminsa, ya dube ni. “Wanga takalmi kuwa?”

“Wa zai yi sata a ƙofar ɗakin ibada?”

Ya cire, ya jera shi kusa da nawa. Mai gadin ƙofa ya yi ta nuna kansa yana nuna namu, ni kuma na ɗauka gaisuwa ce, na sara masa kamar tsohon soja muka wuce.

Ciki sanyi, haske yana sauka ta gilasai ja da shuɗi har kan farar rigar Alhaji. Muna tafe ƙafafunmu suna ɗan manne wa daɓen, sai ya raɗa min, “Alhaji, mutanen ga duk da takalmansu.” Na ce baƙi ne, ba su san ƙa'ida ba. Can ga wani ma'aikacin wurin yana gyara furanni, takalminsa har ƙara yake. Alhaji ya nuna shi da haɓa. Na ce sabon ɗauka ne.

Mun yi kusan awa guda. Da muka fito, gefen matakala fes, kamar an lashe.

Na duba dama, na duba hagu. Na leƙa bayan tukunyar fure (kamar takalmi yana da ƙafar da zai je can da kansa). Na ruga wurin mai gadi ina nuna ƙafata, ina zana takalmi a iska. Ya girgiza kai ya ce, “Meyo.” Wannan kalma na san ta, babu ke nan, kullum muna jin ta a kasuwa, amma ban taɓa jin ta ta yi min zafi kamar ranar ba. Dutsen farfajiyar ya ɗau rana, ina ta ɗaga ƙafa ɗaya ina sauke ɗaya, fason dugadugina a fili kowa yana gani.

Alhaji ko kallona bai yi ba. Ya samu inuwa ya zauna, ya haɗa ƙafafunsa. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, wakilinmu ne, ina ji yana cewa mota za ta zo gobe ƙarfe takwas, kar a manta da samfur. Alhaji ya ce, “Bon,” wato “to” ɗinsu na Maradi, “in Allah ya so.” Ya kashe wayar ya ci gaba da kallon yatsunsa. Ni kuwa har na fara hango yadda zan haɗa ido da ɗana, da yadda za a riƙa ba da labarina a Maradi duk ranar suna.

“Baba, lafiya kuke zaune haka?”

Hausa ce tsantsa, irin ta Kano. Wata mata ce da gyale a kai, ta fito daga cocin. Ta ce haihuwar Sabon Gari ce ita, kayan jarirai take sara. Na ba ta labari a gaggauce, ina ƙoƙarin riƙe girmana.

“Wa ya ce muku ana cire takalmi? Ai hula maza suke cirewa, Baba.”

Alhaji ya ce, “Surukina ne. Ya zamna Italiya.”

Fuskarta ta washe. “Kai, Baba! Shekarata goma sha ɗaya a can. Wane gari? Wane coci ne aka sa ka tuɓe takalmi?”

Ta ƙara da wata doguwar magana da Italiyanci tana jiran amsa. Jama'a, ni da na san kalma biyu, ɗaya ma sunan taliya ce. Na dubi matar, na dubi Alhaji, na ga ba ƙofar fita. Na ce, “'Yata, kwana huɗu na yi. A matakala na zauna. Ban shiga ba.”

Ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Allah ya saka mata da alheri, ba ta tsaya dariyar ba, ta tafi wurin mai gadi ta yi masa Sinanci. Ya kira wata tsohuwa mai shara. Aka yi ta magana ana nuna matakala, sannan tsohuwar ta ja mu zuwa wani ɗan ɗaki a bakin ƙofar waje, inda ake tara laimomi da kwalaben ruwan da baƙi suka manta. A saman kanta, an shimfiɗa masa jarida, ga takalmin Alhaji. Har goge shi ta yi.

Na jingina da bango ina hamdala kamar wanda aka ce matarsa ta sauka lafiya. Alhaji ya ɗauke shi da hannu biyu, ya juya shi, ya duba ɗinkin, ya saka. Ya yi wa tsohuwar “shishe,” wato na gode, ta fi sau biyar.

Sai da numfashina ya dawo na tambayi nawa. Aka sake Sinanci. Matar ta juyo tana zaɓen kalmomi.

“Baba, ta ce ɗayan… ba ta yi zaton akwai mai nemansa ba. Motar shara ta riga ta wuce.”

Takalmin da na yi shekara shida ina gyarawa a bakin kasuwar Kwari a Kano! Tsohuwar ta ji tausayina, ta ba ni silifas ɗin roba da take sawa in za ta wanke daɓe, ruwan hoda, rabin dugadugina a waje. Da shi na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, babbar riga a sama, silifas ɗin tsohuwa a ƙasa, ina murmushi ni kaɗai, don takalmin da ke kusa da nawa yana nan. Da safe mota ta zo, lawban ya karɓi samfur ya ce zai iya.

A hanyar dawowa daga masana'antar ne Alhaji ya yi doguwar maganarsa ta farko. Ya ce, “Alhaji, kar ka damu. Babu mai jin wanga zance.” Ya kalli ƙasa. “Sai matata, Hajiya.”

Abin da na koya, in ka shiga gidan mutane, duba ƙafafun masu gidan kafin ka buɗe baki. In kuma tsufa ya sa dole sai ka ƙara wa labari gishiri, to ka ƙara da naka takalmin, ka bar na surukinka a ƙafarsa.