Rasuwar Famfon da Aka Hana Barci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, mai gidan nan na hawa na biyu, wanda abokan aiki ke kira Injiniya, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar famfon da ke kaɗa ruwa a tankinsa na kifin teku. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, manne a jikin gilashin da ya yi shekara uku da wata huɗu yana yi wa hidima, babu kowa a kansa. Mai gidan yana ɗaki yana sharar barci.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan baƙin dunƙule ne da bai wuce girman ƙwan agwagwa ba, mai farfela uku. Aikinsa ɗaya tal: kada ruwa ya tsaya. Shi murjani mai rai, halittar teku mai kama da fure da ke manne a cikin tankin, ba ƙafa gare shi ba, sai ruwa ya kawo masa abinci har baki, ya kuma kwashe masa ƙazanta. Marigayin ya riƙe wannan amana ba ƙorafi. Ko wuta aka ɗauke, tana dawowa shi ne farkon tashi, tun firji bai gama gyaran murya ba. Da rana yakan ce "huuum", da ƙarfinsa, har murjani ya riƙa rausaya. Da dare kuwa sai "shhh… shhh", a hankali, kamar mai lallashin jariri.

Maɓalli biyu gare shi, ɗaya da hoton rana, ɗaya da hoton wata. Ranar da aka sayo shi, mai shagon kifi ya ja kunnen Injiniya da matarsa, Malama, har sau biyu: a danna wata da dare, kifi su samu barci, shi ma famfon ya sarara, sannan duk bayan wata uku a cire shi a jiƙa a ruwan khal saboda ɓawon gishiri. Injiniya ya yi murmushi irin na wanda ake koya wa sana'arsa. Mutumin da ke gyaran injuna goma sha biyu a kamfanin lemon kwalba ne za a karanta wa farfela uku?

Shekarar farko lafiya lau. Daga nan aka mayar da shi aikin yamma, ya fita ƙarfe biyu na rana, ya dawo ɗaya na dare. Malama kuma bakwai saura ta riga ta kama hanyar makaranta. Idan ta dawo ba ya nan, idan ya dawo ta yi barci. Hirar gidan ta koma 'yan takardu da suke mannawa a gilashin tanki. "Gas ya kusa ƙarewa." "Abincinka na firji." "Na gani."

A nan ne mai gidan yake roƙon jama'a su saurara da kyau, don ga inda aka yi kisan. Kullum ƙarfe goma Malama kan danna wata ta kwanta. Shi kuma ya shigo a gajiye, ya tarar da falo tsit, ruwa na lilo a hankali, sai kaɗaici ya kama shi. Ya kunna fitilar tanki, ya danna rana, ya zauna da farantinsa yana kallon murjani na rawa, wai ya samu abokin cin abinci. Ya gama, ya miƙe, ya tafi ya kwanta. Bai taɓa mayar da shi kan wata ba, wallahi ko sau ɗaya. Shekara biyu da 'yan kai, hutun marigayin awa uku ne a kwana.

Jinya ta ɗauki kusan wata biyu. Cikin "huuum" ɗin nan aka fara jin "kar-kar-kar". Injiniya, wanda yakan ji inji na ciwo tun daga bakin ƙofar kamfani, ya ji sarai. Maganin da ya yi shi ne ya ƙwanƙwasa gilashi da ɗan yatsa, ƙarar ta lafa, ya ce ai shi ke nan. Ranar Talatar ya farka da azahar ya ji gidan shiru, ruwa kwance, murjani sun tsuke. Kafin ma ya ciro gawar, ya yago takarda ya rubuta: "Kin ga abin da sakacinki ya jawo." Ya ja layi biyu a ƙarƙashin "sakacinki", ya manna, ya tafi aiki da ƙarfin gwiwarsa.

Ranar Asabar aka kai gawar wurin mai shago don a san musabbabi. Su biyu suka je, shi da Malama. Mai shago ya buɗe cikin marigayin, farin ɓawo ya zubo kamar na tsohuwar butar shayi.

"Wa ke wanke shi?"

Suka dubi juna. Ita ta bar wa makanikin gida, shi kuma ganin gilashi kullum tas ya ɗauka har famfon take haɗawa.

"To ban da datti ma, wannan ai ya cinye. Kuna danna masa wata kuwa?"

"Kullum, ƙarfe goma," in ji Malama.

Injiniya ya so ƙasa ta tsage. Ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da yake yi ƙarfe ɗaya, duka, har da farantin. Ya zaci za ta yi faɗa, da ma ta yi. Sai ta ce, a hankali:

"Ni da nake tashi in tarar an danna rana, na ɗauka don ni kake yi. Na ɗauka ina kwana ce kake bar mini."

Tun daga Talatar nan ba ta sake manna masa takarda ba. Tasa ce kaɗai a gilashin, da layinta biyu, ya rasa fuskar da zai cire ta.

Marigayin ya rasu ya bar kifaye biyu masu launin ruwan lemo, waɗanda yanzu aka gane cewa ramarsu ta rashin barci ce. Da murjani bakwai, ɗaya ya yi fari fat, ana sa masa ido. Da jatan lande ɗaya. Da dodon koɗi huɗu da har yau ba su san an yi rashi ba. Kafin sabon famfo ya iso, ana juya musu ruwa da ludayi. Mai gidan yana shaida cewa kullum idan ya farka yakan tarar da ludayin a jiƙe, alhali bai taɓa shi ba.

Ba a karɓar gaisuwar "ai tsufa ne", ko "kayan yanzu ba su da ƙarko". Marigayin yana da ƙarko. Wanda zai yi ta'aziyya ya yi wa Malama, ita aka yi wa ƙazafi.

Za a binne shi gobe Litinin a tukunyar fulawa da ke baranda, ƙarfe shida da kwata na safe. Mai gidan ya san sa'a ce da rabonsa da ganinta a farke tun kafin a sauya masa aiki. Ya saita agogo biyu, zai dafa shayi. Ba a gayyaci kowa ba sai mutum ɗaya, kuma ba za a sa gawar a rami ba sai ta tsaya. Idan ta wuce da jakarta ba ta waiwayo ba, an ɗaga zuwa jibi, ƙarfe shida da kwata. Gawar ta roba ce, ba ta lalacewa, mai gidan kuwa zai ci gaba da tashi da sassafe.